Bartley Na Neman Gawa

A Tullybeg kowa ya san hanya ma tana mutuwa, kuma rashin gawa ne ke kashe ta. In aka shekara bakwai cur ba a bi da akwatin gawa a kafaɗa ta kan tsohuwar hanya ba, to ta mutu, mai gonar da ta ratsa yana iya gina katanga ya toshe ta, ba mai ce masa don me. In kuwa aka bi da gawa, ko ta jariri ce, an sake ba hanyar wasu shekaru bakwai. Babu alƙalin da ya taɓa jin labarin wannan doka, amma fa babu ɗan Tullybeg da ya taɓa ganin dalilin damun alƙali da abin da kowa ya riga ya sani.

Hanyar da ake magana a kai ita ce tsohuwar hanyar Kilvarra. Daga bayan gidan Bartley Hession ta tashi, ta kurɗa tsakanin katangun duwatsu guda biyu, faɗinta bai wuce jaki da mangalarsa ba, ta hau tudu, ta ratsa makiyayar Malachy Tierney, sannan ta gangara maƙabartar Kilvarra a bakin teku. Tun da aka shimfiɗa kwalta ta zagaye tudun, masu rai suka yi watsi da ita. Matattu ne suka ɗan riƙe mata amana, su ma daga baya suka gano daɗin mota.

Gawa ta ƙarshe da ta bi ta ita ce Sabina, matar Bartley. Ranar addu'ar matattu aka binne ta, a farkon Nuwamba, kuma bana za ta cika shekara bakwai. Ta wannan hanya aka bi da kakansa, ta nan aka bi da ubansa Tom da uwarsa. Sabina kuwa, ana gobe za ta cika, ta kama hannunsa ta ce, "In naka ya zo, ka biyo ni ta inda na bi. Kuma kada ka tsaya surutu a hanya." Shekara arba'in da ɗoriya ta yi tana jiransa a ƙofar coci da ƙofar kanti, shi yana can yana gardama da wani, don haka ta san abin da take faɗa. Ya yi mata alkawari. Bartley ba yaro ba ne, ya san Allah ba ya ɓatar da mamaci don an kawo shi a mota. Amma alkawari kaya ne, kuma wannan ne kaɗai abin da ya rage tsakaninsa da ita wanda bai sauke ba.

Matsalar ita ce lafiya. Saura ƙiris Bartley ya cika tamanin, amma ko mura ba ta kula shi. Haƙoransa nasa ne. Likita ya taɓa sa masa abin awo a ƙirji ya saurara, ya ce da ana sayar da irin wannan zuciya a kasuwa da ya saya wa kansa. Bartley ya dawo gida rai a ɓace, ko shayi bai sha ba.

Malachy kuwa tun lokacin haihuwar tumaki ya fara tara duwatsu. Tare suka shiga makaranta da Bartley ba takalmi, benci ɗaya, kuma tun daga ranar ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba, har a kan za a yi ruwa ko ba za a yi ba, a ƙasar da kullum ana yi. Malachy ƙato ne mai wuya kamar na bijimin sa, matarsa ta daɗe da rasuwa, 'ya'yansa duk suna ƙetare. Kowace safiya sai ya turo duwatsu a baro ya jibge daidai inda hanyar ta shiga makiyayarsa, saitin tagar kicin ɗin Bartley, ya miƙe ya ɗaga masa hannu cikin ladabi. Wata safiya Bartley ya kasa daurewa ya fito.

"Ina kwana, Bartley. Yaya jikin?"

"Lafiya ƙalau."

"Ayya. To Allah ya ƙara haƙuri."

"Malachy, zunubi kake turowa a baron nan. Wannan hanya ta girme ka, ta girmi uban da ya haife ka. Ta nan kakanninmu suka riƙa laɓaɓawa su je sujada a bayan dutse lokacin da aka hana coci. A shekarun yunwa kakar ubana da hannunta ta fasa duwatsun nan, ana ba ta garin masara."

"An dai ba ta garin."

"Ba ka da kunya."

"Ina da tumaki. Duk baƙon da ya goyo jaka sai ya bi ta nan ya bar mini shinge a buɗe, in wuni ina farautar dabbobina a tudu." Malachy ya jingina da baro ya share goshi. "Kai tarihin sujada ka riƙe, ni abin da idona ya gani na riƙe. Ta nan ƙannena uku suka bi da akwati a hannu suka je suka hau jirgi. Ta nan 'ya'yana suka bi su tari motar safe, wai ta fi kusa. Ka taɓa ganin hanyar nan ta kawo wani? Ɗauka kawai ta iya. Ko ta kai rami, ko ta kai teku."

Sai Bartley ya ce duwatsun da Malachy ya tara ba na gini ba ne, ko kare ba za su tare ba. Malachy ya yi masa godiya ya koma ɗebo wasu.

A wannan rana Bartley ya yanke shawara. Tunda ajali ya ƙi shi, sai a nemo wanda ajali ke so. Tullybeg ba ta rasa tsofaffi ba, kusan ma su kaɗai suka rage, kuma ba zai yiwu a ce duk su ga Nuwamba ba. Abin da ake bukata shi ne mutum ɗaya, mai sanin darajar al'ada, ya bar wasiyya a bi da shi ta tsohuwar hanya. Sai ga Bartley, wanda tun da yake bai taɓa zuwa dubiya ba sai Sabina ta ja shi, ya saka kwat ɗinsa ta Lahadi, ya jera ƙwai a hula, ya shiga gari.

Da Festy Folan ya fara, wanda ke kwance tun sanyin bara. Ya zauna a bakin gado ya yaba labule, ya yaba kyanwa, sannan ya gangaro kan yadda tsohuwar hanya take da kyau da kaka, in furen tudu ya buɗe, da irin mutuncin da ke cikin a ɗauki mutum a kafaɗar maƙwabtansa maimakon a tura shi bayan mota kamar buhun taki. Bartley na fita Festy ya kira matarsa ya ce ta miƙo masa wandonsa. Kafin sati ya zagayo an gan shi yana yankan ciyawa. A mashaya aka ce likita ya ji labari, yana neman Bartley su haɗa jari.

Daga nan sai gidan Attracta Mulkerrin, wadda ta haura casa'in, kuma ta daɗe tana cewa ta shirya.

"Ɗan Tom, shigo. An ce kana yawon duba kaya."

"Marasa lafiya nake dubawa, Attracta, kamar yadda Fada ya ce a coci a riƙa yi."

"Fada ya shekara talatin yana faɗa, sai bana ka ji? In ka ga kare yana shinshina takalmi, ɗauka zai yi. Ƙwai ne? Ajiye can. To zauna ka fara tallar."

Ya fara. Bai kai ga furen tudu ba ta ɗaga masa hannu.

"Saurara, yaro. Na bi hanyar nan ba takalmi da gwangwanin madara. Na bi ta da tsohon ciki. Na bi ta da kwandon ganyen teku a baya don takin dankali, taɓo har gwiwa. Na bi ta a bayan mijina, na bi ta a bayan 'ya'yana biyu. Sau ɗaya tak zan shiga doguwar mota baƙa mai sheƙi, furanni a sama, direba da hula, kowa ya matsa gefe ya cire tasa. Kai kuma so kake a jijjiga ni a kafaɗar 'ya'yan Folan, waɗanda ko buhun siminti ba sa kaiwa ba su yar ba?"

"Ai ba za ki ji ba."

"Wa ya gaya maka? Ka taɓa mutuwa?" Ta gyara mayafinta. "Kuma ko zan bi, ba bana ba. Na sayi sabbin kaji."

Labari ya game gari. Da an hango kwat ɗin Bartley a bakin shinge, sai matar gida ta leƙo ta taga ta ce ai mai jiki ya samu sauƙi, an gode, a gai da gida. Wata Lahadi bayan an tashi daga coci Fada ya ja shi gefe, ya roƙe shi don Allah ya riƙa bari shi ya fara isa, don gida biyu ke nan yana zuwa ya tarar Bartley ya riga shi. Abin ya yi wa Bartley ciwo ƙwarai. Shi a ransa bai taɓa yi wa kowa fatan mutuwa ba. So yake dai in za a mutu, a mutu da amfani.

Ya rataye kwat, ya ɗauki adda da lauje ya koma kan hanyar. Ƙaya ta cinye ta, a wasu wurare sai mutum ya sunkuya. Ya ce ko ba komai in gawa ta samu ta tarar da hanya a share. A can ƙasan zuciyarsa kuma akwai wani lissafi da ko Fada bai gaya wa ba, don da gangan yake fita cikin ruwa ba rigar sanyi. Ruwa ya dake shi, iska ta kaɗa shi, ƙaya ta yage shi. Abin da ya samu shi ne ya koma cin kwano biyu na dankali, barci kuma kamar na jariri. Malachy yana leƙowa ta kan katanga yana cewa aikin yana kyau, ya ci gaba, tumaki za su ji daɗin ciyawar.

Ana cikin tonon dankali, wata safiya baro bai zo ba. Bartley ya tsaya a taga da kofin shayi har ya huce. Washegari ma shiru. Rana ta uku motar likita ta tsaya a ƙofar gidan Malachy, bayanta kuma motar haya ta sauke Dympna, autarsa, da ke aikin jinya can ƙetare a Leeds. Aka ce ciwon huhu ne, kuma tsohon ya rantse ba mai kai shi asibiti sai dai a ɗaure.

Bartley bai je ba. Yaya zai je, bayan duk gari sun san ma'anar zuwansa? Ya riƙa kewaya gida kamar kazar da ke neman wurin ƙwai, ya ɗauki hula ya ajiye, ya fita ƙofa ya dawo. Yana cikin haka Dympna ta ƙwanƙwasa.

"Bartley, Baba ya ce in tambaye ka, shi ba mutum ba ne? Ya ce ka zaga gari kaf, har gidan da akuya ce kawai ba ta da lafiya, shi da kuke katanga ɗaya ka tsallake shi."

Ya bi ta da kayan gona a jikinsa, bai ɗauki ko ƙwai ɗaya ba, don kada a ce. Ya shiga ɗakin. Ƙaton nan ya zube, wuyan ya zama igiya, numfashi yana fita da ƙyar. Idanun ne kawai ba su canza ba.

"Hannu rabbana ka zo? Festy ya samu ƙwai."

"Ba dubiya na zo ba. Kira aka yi."

"To zauna. Dympna, tsaya ki zama shaida." Malachy ya huta kaɗan. "Na riga na gaya mata. In na tafi kafin ranar addu'ar matattu, a ɗauke ni a kafaɗa ta tsohuwar hanya. Doka doka ce, ka samu shekara bakwai. In kuwa na tsallake ranar, katanga za ta tashi, ni kuma in nawa ya zo in tafi a mota kamar Attracta."

"Wane irin zancen banza ne wannan?"

"So nake in ga abin da za ka roƙa a coci ran Lahadi."

Ya fara dariya, dariyar ta juye tari, har sai da Dympna ta tallafe shi ta harari Bartley kamar shi ya kawo maganar.

Ran Lahadi Bartley ya durƙusa a bencinsa, gaba kura baya sayaki. Ga abin da ya wuni ya kwana yana nema an kawo masa har gida, kuma ba sai ya yi komai ba, ya naɗe hannu kawai ya jira. Ya tuna hannun Sabina a nasa. Ya buɗe baki da niyyar ya ce Allah ya zaɓi abin da ya fi alheri, wanda shi ne abin da mai wayo ke cewa in ba ya son a kama shi. Amma abin da ya fito daban. "Ya Allah, ka bar mini wannan tsohon banzan." Ya ji kunyar Sabina, ya ji haushin Malachy, ya ji haushin kansa, amma bai janye ba. Sai a lokacin ya gane cewa a duk faɗin duniya mutum ɗaya ne ya rage da suka zauna benci ɗaya, ya san shi tun yana da gashi, kuma yana ƙaunar mutumin nan, duk da ko za a yanka shi ba zai faɗa ba.

Daga ranar ya tare a gidan Malachy. Ya gangara bakin teku ya tsinko jan ganyen nan da ake dafawa da madara don ƙirji, ya zuba zuma. Ya yanka kazarsa mafi ƙwai ya yi romo. Ya haɗa wiski da ruwan zafi da kanumfari, Dympna ta ce wannan ba ya cikin littafin asibiti, ta sha rabi ta ba uban rabi. Ya kula da tumaki, ya hura wuta. Sannan ya gano maganin da ya fi duk waɗannan. In ya bi Malachy da to, to, sai tsohon ya lumshe ido ya fara nitsewa. In kuwa ya ƙaryata shi, sai jini ya dawo masa fuska. Don haka ya zauna ya riƙa musa masa komai: shekarar da guguwa ta yaye rufin makaranta, karen wa ya fi iya kora, wa ya fara faɗawa rafi ranar bikin Festy. Ko abin da ya san gaskiya ne sai ya ce ƙarya ne.

Mutanen gari kuwa da suka ga Bartley yana shiga gidan safe da yamma, suka ce wannan karon ya kama. Mata suka fara tanadin gari da zabibi na burodin zaman makoki. Festy ya sa aka goge masa baƙin lakataye.

A ƙarshen Oktoba jikin ya rikice. Likita ya fito yana girgiza kai, Fada ya zo ya shafa masa mai ya yi addu'a. Da la'asar aka bar Bartley shi kaɗai a bakin gado da kwanon romo, Malachy ya ƙi buɗe baki tun safe.

"Kana nan?" in ji Malachy, ido a rufe.

"Ina nan."

"Ka kusa cin kasuwa."

"Rufe mini baki ka sha romo."

"Ta yaya zan rufe baki in sha?" Muryar kamar daga rijiya. "Na gaji, Bartley. Ka bar ni. Ka je ka wasa adda, ka ƙarasa share mini hanya."

Bartley ya ajiye cokali, ya gyara murya.

"To shi ke nan, tafi. Dama an faɗa."

"An faɗi me?"

"A mashaya. Cewa aka yi ba ciwo ne zai kashe ka ba, tsoron katanga ne. Ka tara duwatsu gari ya gani, ka kuma san ba ka iya gini ba, shi ya sa za ka sulale."

Ido ɗaya ya buɗe. "Wa ya ce ban iya gini ba?"

"Duk gari. Har Attracta."

Ruwa yana ta dukan taga.

"Miƙo cokalin nan," in ji Malachy.

Ranar addu'ar matattu ta same shi a zaune, an tokare shi da matasai, yana cin dafaffen ƙwai yana cewa ya dahu da yawa. Bartley ya bar shi, ya bi tsohuwar hanya shi kaɗai zuwa Kilvarra. Tun da aka haife shi bai taɓa ganin ta fes haka ba, ba ƙaya ba sarƙaƙiya, kamar ana jiran amarya. Ya tsaya a kan kabarin Sabina ya cire hula.

"Na tsaya surutu a hanya," ya ce mata. "Kin dai san hali."

Ya yi kuka sosai, irin wanda bai yi ba ko ranar da aka binne ta, don a ranar akwai mutane. Sannan ya fyace hanci ya koma, saboda lokacin romo ya yi.

Duk mai zaton bayan wannan Malachy zai ce a bar maganar katanga, bai san mutanen Tullybeg ba. Doka doka ce. Mutumin da ya tsallake mutuwa don kada a ce bai iya gini ba, ba zai fasa gini don an dafa masa kaza ba. Bartley ma bai roƙa ba, kuma da Malachy ya yi tayi da ya ji an raina shi. Sanyi ya wuce, Dympna ta koma bakin aikinta, ranar farko da rana ta leƙo sai ga Malachy ya fito yana dogara sanda, ya nufi tarin duwatsunsa.

Bartley yana kallo ta taga. Ya ga an ɗora ƙaramin dutse a ƙasa, babba a sama. Ya ga an jera gaɓa a kan gaɓa. Ya ga layin farko ya karkace kamar ƙafar kare, na biyu ya zube, Malachy ya tsaya yana haki ya sake ɗorawa a karkace. Bartley ya jure rashin mata, ya jure rashin hanya, amma akwai abin da ɗan Tom Hession ba zai iya jurewa ba, shi ne a yi mummunar katanga a saitin tagarsa, ya riƙa karyawa da ita kowace safiya. Ya ajiye kofi ya fita.

"Matsa."

"Katangata ce."

"Shi ya sa ta yi kama da kai. Matsa ka zauna kafin ka faɗi in sake asarar kaza."

Malachy ya kifa baro ya zauna a kai, ya ja bargo ya rufe gwiwa. Bartley ya rushe abin da aka yi, ya fara daga tushe. Manya a ƙasa, kowane dutse ya hau kan biyu, a bar 'yan ƙofofi don iska ta wuce kada ta ture. Ba siminti, ba laka, sai ido da hannu. Duwatsun da ya ce ko kare ba za su tare ba suka riƙa zama daram kamar don wurin aka halicce su. Ya taso daga dama, ya taso daga hagu, yana nufo tsakiya. Hannunsa yana jin daɗin aikin, zuciyarsa kuwa kamar ya haɗiyi ɗaya daga cikin duwatsun, don da hannunsa yake toshe hanyar da ya yi wa matarsa alkawari. Malachy yana zaune yana ba da umarnin da ba wanda ya nema, Bartley yana yin akasinsa.

Da ya rage ɗan tsakiyar, daidai kan turbar, Malachy ya buga sanda a ƙasa.

"Tsaya nan. Kada ka ɗaure wannan. Yi masa ginin mashigar shanu."

A gonakin tudu ba a sa ƙofa, katako tsada gare shi, iska kuma ba ta barin sa. Inda shanu za su wuce, sai a jera mulmulallun duwatsu ɗaya bisa ɗaya ba a ɗaure su da sauran ginin ba. Mai shanu ya zo ya sauke su, dabbobi su wuce, ya mayar. Daga nesa katanga ce kamar kowace.

"Ba ka da shanu," in ji Bartley.

"Na sani."

Bartley ya miƙe a hankali, ya dafa ƙugu. "Faɗin me zan bari?"

"Mutum biyu kafaɗa da kafaɗa, da akwati a sama. Ka ƙara kaɗan, 'ya'yan Folan ba sa tafiya a miƙe."

"Hanya ta mutu, Malachy."

"Ta mutu murus. Baƙo da jakarsa ya zagaya ta kwalta. Amma katanga tawa ce, in na ga dama in sauke abata na yini ɗaya, wa zai kai ni ƙara? Ka dai ji da kyau, ba haƙƙinka ba ne. Alfarma ce."

Bartley ya juya baya ya yi kamar yana auna wurin da ƙafa. Da ya ga muryarsa za ta fita daidai, sai ya ce, "In kai ka riga ni fa?"

"Ni mota zan shiga, na gaya maka. Kuma ba zan riga ka ba. Ka samu dama ka ɓata ta da romon kaza."

Bartley ya sunkuya ya rungumo wani mulmulallen dutse, ƙato, mai kyan zama, irin wanda mai gini ke gani ya ji daɗi. Sandar Malachy ta taɓa masa hannu.

"Ba wannan ba. Zaɓi marasa nauyi. Ni zan sauke su ranar, kuma ka ga yadda ciwon nan ya bar ni."

Bartley ya daɗe riƙe da dutsen. Sannan ya ajiye shi gefe, ya shiga tona tarin yana neman ƙanana.